Yadda na sake haɗa abincin kajina saboda ɓawon ƙwai

Kajina masu ƙwai sun haura mako 55 da ƙyanƙyashewa lokacin da ɓawon ƙwansu ya fara rauni. Yawan ƙwan bai ragu ba, girmansa ma ƙaruwa ya yi, amma duk safiya in an zo kwasa sai an ware masu tsaga, da masu ɗan huji a tsini, da waɗanda ɓawonsu ya yi kaushi a hannu. Jefi-jefi kuma a tsinci wanda babu ɓawo sam, fatar ciki ce kawai ta riƙe shi. Duk wanda na gaya wa, amsarsa ɗaya ce: a ƙara kalsiyam. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai ba ta faɗi nawa za a ƙara ba, ba ta faɗi wane iri ba, kuma ba ta ce komai a kan fosforas ba, alhali shi ne rabin aikin.

Kafin in taɓa abinci sai da na tabbatar ba cuta ba ce. Akwai cututtukan da ke lalata ɓawo ko da abinci ya cika sharuɗɗa: mashaƙon kaji da likitoci ke kira IB, da Nukasil, da cutar raguwar ƙwai da ake kira EDS wadda aka fara ganowa a 1976. Su kam ba sa zuwa a ɓoye. Ƙwai yakan ragu farat ɗaya, ɓawo ya koɗe ko ya yamutse, a wasu lokutan farin ƙwai ya tsinke ya koma ruwa. Na fasa ƙwai da dama a faranti, na ga farin yana tsaye da kaurinsa a kewayen gwaiduwa. Likitan dabbobi ya zo ya duba takardar rigakafi, ya tsaya ya saurari numfashin kajin bayan sun natsu, bai ji tari ko kakari ba. Sai ya kama kaza ɗaya, ya kwantar da ita rigingine, ya bi ƙashin ƙirjinta da babban yatsa, sannan ya miƙo mini ita.

"Malam, shafa nan ka ji."

Ƙashin da ya kamata ya miƙe sak ya ɗan karkace, ƙarshensa kuma yana lanƙwasawa in an danna. Muka bi layi muna kamawa muna shafawa, muka sami irinta ba ɗaya ba, ba biyu ba.

"Likita, me wannan ke nufi?"

"Daga jikinsu suke cirowa suna yin ɓawon," in ji shi.

Daga nan na koma kan takarda da biro. Ɓawon ƙwai ɗaya nauyinsa gram 5 zuwa 6 ne, kuma wajen kashi 95 cikin 100 ɗinsa kalsiyam kabonet ne. Wato kalsiyam zalla da ke ciki ya kai gram 2 ko ya ɗan haura, kuma kaza mai ƙwazo kusan kullum sai ta fitar da wannan. Hanjinta ba ya tsotse duk abin da ta ci, rabi ne ko ɗan fiye da rabi ke shiga jini. Shi ya sa ake so ta ci gram 4 zuwa 4.5 a rana. Ma'aunin da hukumar bincike ta Amurka, NRC, ta fitar a 1994 ya tsaya a gram 3.25, amma wannan mafi ƙarancin buƙata ne, kuma kajin yanzu sun fi na wancan lokacin yawan ƙwai, ana kuma riƙe su su daɗe suna yi. Duk takardun jagora na masu samar da irin kajin sun haura wannan adadi.

Abin da ake rubutawa a jikin buhu kashi ne cikin ɗari, kaza kuwa gram take ci. Don haka na jawo sikeli. A auna abin da aka zuba, washegari a auna abin da ya rage, a raba da yawan kajin, a yi ta maimaitawa har adadin ya tsaya wuri ɗaya. Lokacin zafi ne, cinsu ya sauka zuwa wajen gram 105 kowace kaza, abincin kuwa an tsara shi ne a kan za ta ci 115. Kalsiyam ɗinsa kashi 3.6 ne. A gram 115 kaza za ta sami gram 4.1, a gram 105 kuwa 3.8 kawai take samu. Buhun bai canza ba, amma abin da ke shiga cikin kazar ya ragu, kuma ya ragu ne a daidai shekarun da ta fi buƙata. Tsohuwar kaza ƙwanta girma yake ƙarawa, ɓawon da take iya shafa masa kuwa bai ƙaruwa daidai da girman, ga hanji da ƙoda sun rage kuzari wajen jawo kalsiyam.

Ko da yawan ya cika, akwai maganar lokaci, kuma a ganina nan ne aka fi yin asara ba a sani ba. Ƙwai ɗaya yakan ɗauki awa 24 zuwa 26 daga faɗowar gwaiduwa zuwa fitowarsa. Wajen awa 20 daga ciki a mahaifa yake yi, inda ake gina masa ɓawo. Yawancin kaji da safe suke saka ƙwai, jim kaɗan gwaiduwa ta gaba ta faɗo, ta ɗauki wajen awa biyar tana tara fari da fatar ciki, sannan ta isa mahaifa. Ginin ɓawo na sosai da yamma yake farawa, ya ci gaba har asuba. Sa'ad da kaza ta fi buƙatar kalsiyam ke nan, kuma sa'ad da fitila ke kashe, ba ta cin komai. In garin dutse mai laushi ne kawai a abincinta, cikin 'yan awoyi ya narke ya wuce, kafin tsakar dare hanji ya zama wayam. Mahaifa kuwa ba ta dakatar da aiki don hanji babu komai, sai jini ya juya kan ƙashi.

Kaza mai ƙwai tana da wani ƙashi na musamman a cikin ramin ƙasusuwan cinya da ƙafa, inda ɓargo yake. Ƙashi ne sako-sako mai saurin narkewa da saurin ginuwa, zakara ba shi da shi. Bashi take ci daga gare shi da dare, ta biya da rana in ta ci abinci. Muddin biyan yana cika babu matsala. In ya riƙa gazawa, sai a shiga cin uwar kuɗi, wato ainihin ƙashin da ke ɗauke da jiki, wanda ba ya sake ginuwa muddin tana kan yin ƙwai. Abin da yatsan likita ya taɓa ke nan. In abin ya yi nisa, musamman a kajin keji da ba sa motsa jiki, sai ka ga kaza ta zube ta kasa tashi, ƙwai kuma tana yi har ranar da ta faɗi.

Maganin wannan shi ne tsakuwa. Farin dutsen kalsiyam, laimiston, in an bar shi a girman milimita 2 zuwa 4, ba ya wucewa da sauri. Yana zama a ƙundu, ruwan tsamin ciki yana cinsa kaɗan-kaɗan, yana sakin kalsiyam har cikin dare. Na sayi iri biyu, gari da tsakuwa. Ban ɗauki abin da aka rubuta a buhu a matsayin gaskiya ba sai da na tankaɗe da rariya, domin abin da ake kira tsakuwa sau da yawa rabinsa ƙura ne. Na kuma ɗiga wa kowane samfuri ruwan khal. Dutse mai kyau nan take yake tafasa da kumfa, irin da ake kira dolomait kuwa da ƙyar yake motsi. Shi wannan yana ɗauke da magniziyam mai yawa, yana sa kashi ya yi ruwa, ɓawo kuma ya ƙara lalacewa. Gwajin khal na share fage ne kawai, don haka na aika samfuri ɗakin gwaji, aka ce kalsiyam ɗinsa kashi 37 ne, daidai inda dutse mai kyau yake faɗawa, tsakanin 36 da 38. Ɓawon kawa ma haka yake, wanda ya same shi a wanke tas zai iya sa shi a madadin tsakuwar. Abin da ba a kusantar da shi ga kaji shi ne ƙonannen dutse na gini, wanda yake zafi in ya taɓa ruwa, domin ƙona musu baki da hanji zai yi. Na tsayar da kashi biyu cikin uku tsakuwa, kashi ɗaya gari. Garin ma yana da aikinsa, shi ne ke saurin biyan abin da aka ciro da safe.

Shawarar da aka fi ba ni ita ce in zuba garin ƙashi, wai ai shi ma kalsiyam ne. Na ƙi, kuma dalilina fosforas ne. Ƙashi kalsiyam ne haɗe da fosforas, wajen biyu da ɗaya a nauyi. Ɓawon ƙwai kuwa kusan babu fosforas a cikinsa. To duk daren da aka narkar da ƙashi, kalsiyam ya tafi mahaifa, fosforas ya rage a jini babu inda za a kai shi, sai ƙoda ta zubar. Da rana in za a sake gina ƙashin, dole sai an sami sabon fosforas daga abinci. Wannan ya sa kazar da ke dogara da ƙashi kowane dare ta fi cin fosforas, wadda ƙundunta ke cike da tsakuwa kuwa buƙatarta raguwa take yi. Kuma fosforas in ya yi yawa a jini yana kawo cikas ga kwanciyar ɓawo, yana kuma rage yadda ƙoda ke kunna bitamin D3. In ya yi kaɗan, ƙashi ya yi laushi, ƙwai ya ragu, kaji su fara mutuwa ɗai-ɗai. Tazarar da ke tsakanin ƙaranci da yawa ba ta da faɗi. A abincin kaza mai tasowa kalsiyam ninki biyu ne na fosforas mai amfani, a na mai ƙwai kuwa ninki 10 ne zuwa 12. In da na nemi ƙarin kilo 6 na kalsiyam a tan ɗaya ta hanyar garin ƙashi, da ya taho mini da wajen kilo 3 na fosforas, kusan ninka abin da kajin ke buƙata ke nan.

Lissafin fosforas yana da tarko. Masara tana da shi wajen kashi 0.27, garin waken soya da aka matse mansa wajen 0.65, dusar alkama ta haura kashi 1. In ka tara a takarda sai ka ga kamar ya wadatar. Amma kusan kashi biyu cikin uku na fosforas ɗin hatsi a ɗaure yake cikin wani sinadari mai suna faitat, hanjin kaza bai iya kwance shi sosai ba, balle ga kalsiyam mai yawa da ke ƙara ɗaure shi. Don haka mai amfani kawai na lissafa. A tan ɗaya na abinci, masara kilo 600 ta ba ni wajen rabin kilo, waken soya kilo 230 ya ba ni wani rabin kilo, dusa kilo 40 ta ƙara ɗan abin da ba a rasa ba, jimilla wajen kilo 1.1. NRC ta sa miligram 250 a rana, jagororin zamani suna fara sababbin kaji a wajen 400 ko sama, su riƙa saukowa da shekaru. Na zaɓi 350 ga tsofaffin kajina. A cin gram 105, wannan kashi 0.33 ne, wato kilo 3.3 a tan. Giɓin kilo 2.2 ne. DCP, wato garin daikalsiyam fosfet da ake ƙarawa a abinci don cike fosforas, yana da fosforas kashi 18, sai ya kama kilo 12.

DCP ɗin yana tahowa da nasa kalsiyam, wajen kashi 22, wato kilo 2.6. Waken soya ya ba da wajen kilo 0.7. Masara kuwa, da duk yawanta, kashi 0.02 take da shi, ba ta kai a ambata ba. Burina gram 4.4 a rana, wanda a cin gram 105 ya kama kashi 4.2, kilo 42 a tan. Da na cire abin da sauran kayan suka kawo, saura wajen kilo 38.6, na raba da 0.37, ya ba ni dutse kilo 104. Kashi ɗaya cikin goma na abincin dutse ne, kuma dutse ba ya ba da kuzari ko furotin. Wurin da ya ci na masara ne, sai na cike da ɗan mai.

Sai maganar faitas, sinadarin da ke kwance faitat a cikin kaza. An fara sayar da shi a 1991 a Holand, inda fosforas ɗin da ke fita a kashin dabbobi ya yi wa ƙasa da ruwa yawa har hukuma ta sa iyaka. A kaji masu ƙwai ana yawan sa awo 300 a kilon abinci, kuma yakan saki abin da ya kai wajen kashi 0.1 na fosforas, kilo ɗaya ke nan a tan, wanda zai ba mutum damar rage DCP da kilo 5 zuwa 6. Na sa shi, amma kilo 4 kawai na rage. Sinadari ne da zafi da danshi ke kashewa, kuma in ya mutu a buhu babu alamar da ido zai gani, sai kaji sun fara gurguncewa. Na maye kalsiyam ɗin da ya tafi da DCP da ɗan ƙarin dutse. Wannan tsoron ne ya sa na duba ranar da aka yi firimis, wato haɗaɗɗen garin bitamin, na kuma tabbatar D3 ne a ciki, awo 2,500 zuwa 3,000 a kilon abinci. Kaji ba sa cin moriyar D2 sosai. Shi D3 sai hanta ta juya shi, ƙoda ta sake juyawa, sannan ya buɗe wa kalsiyam hanya daga hanji zuwa jini. In babu shi, ko buhun dutse kaza ta haɗiye, ta baya zai fita.

Zafin ma na yi masa nasa gyaran. Kaza mai haki tana fitar da iskar kabon fiye da kima, sai bakabonet ya ragu a jini, shi kuwa shi ne ɗaya rabin ɓawo. Na rage gishiri kaɗan, na sa bakar soda, wato sodiyam bakabonet, kilo 2 a tan, na kuma tabbatar ruwan sha ba ya ɗumama a bututu.

Wurin haɗawa, ƙananan kayan na fara cakuɗawa da ɗan garin masara kafin su shiga babban injin, tsakuwa kuma daga ƙarshe. Tana da nauyi, in buhu ya sha jijjiga sai ta gangara ƙasa, kajin farkon layi su sami gari, na ƙarshe su sami dutse. Man da na ƙara ya taimaka wajen riƙe kayan wuri ɗaya. Ban sauya abincin dare ɗaya ba, na riƙa gauraya tsoho da sabo ina ƙara sabon har ya maye gurbi.

Na kuma juya lokacin ciyarwa. Kashi 40 da safe, kashi 60 da la'asar, awoyi kaɗan kafin a kashe fitila. Da tsakar rana nakan bar mazubi ya ƙare ƙaf, domin kaza tsinke take yi, ta cinye manyan ƙwayoyi ta bar gari, a garin nan kuwa DCP da bitamin da faitas suke. Abin sha'awa ne ka tsaya da yamma ka kalle su: kazar da ke da ƙwai a mahaifa tana ture masara da baki tana neman farar tsakuwa, wadda da safe ko kallonta ba ta yi ba. Da zafi ya tsananta na riƙa kunna fitila awa ɗaya da rabi a tsakiyar dare, da duhun aƙalla awa uku kafin nan da bayan nan don kada lissafin hasken rana ya rikice musu. Suna tashi su ci su sha cikin sanyi, cinsu ya ɗan ɗaga.

Don kada in dogara da ido, na yi gwajin ruwan gishiri. Ana narka wajen gram 125 na gishiri a litar ruwa, a daidaita da ma'aunin kaurin ruwa har ya nuna 1.080. Ƙwai mai ɓawo mai kauri nutsewa yake yi, mai siririn ɓawo ya taso. Sharaɗin shi ne ƙwan ya zama na ranar, marar tsaga, kuma a riƙa ɗiba a sa'a ɗaya kullum. Ƙwan da ya kwana yana tasowa saboda iskar cikinsa ta ƙaru, ƙwan yamma kuma ya fi na safe kaurin ɓawo, domin wani ɓangare na gininsa ya faɗo a lokacin da kaza ke ci. Kafin sauyin, masu tasowa ne suka fi yawa a bokitin. Cikin makon farko na cikakken sabon abinci suka fara raguwa, marasa ɓawo suka ɗauke, kaushin nan ma ya lafa. Ɓawo yana saurin amsawa. Ƙashin ƙirjin da ya karkace kuwa yana nan a karkace, abin da aka samu shi ne ba a ƙara samun sababbi da yawa ba.

Tsagar da ta rage ba ta abinci ba ce duka. Wasu ƙwan suna gangarowa da ƙarfi su bugi juna a bakin keji, sai na gyara gangaren, na ƙara yawan kwasa a yini. Manyan ƙwai kuma su ne suka fi fashewa, don haka na ɗan sassauta metiyonin, wani sinadarin furotin da ke ƙara girman ƙwai, domin girman ya tsaya inda yake.

Lokacin nan matasan kajin da za su gaje su suna gab da mako 16. Su abincinsu kalsiyam kashi 1 ne, kuma ban yarda ko cokali na abincin manya ya shiga mazubinsu ba. Kalsiyam kashi 4 a jikin kazar da ba ta fara ƙwai ba ƙoda yake lalatawa, musamman in fosforas ya yi ƙasa, kuma ɓarnar kan ɓuya sai can tsakiyar ƙwai a fara samun mutuwa, a buɗe ciki a ga farin abu ya lulluɓe hanta da zuciya. Amma kuma ƙashin ajiyar nan yana fara ginuwa ne kwana 10 zuwa 14 kafin ƙwan fari, lokacin da tukku ya fara ja yana girma. Da na ga wannan alamar sai na sa su a abincin share fage mai kalsiyam kashi 2.5, da fosforas mai amfani wajen 0.45, bisa tsarin kada ya wuce kwana 10 ko kilo ɗaya kowace kaza. Da ƙwan fari suka fara bayyana a keji na mayar da su kan cikakken abincin masu ƙwai, rabin dutsen gari, rabi tsakuwa, zan riƙa ƙara tsakuwar ina rage DCP yayin da suke manyanta.